Yadda Aka Zuba Kawuna Cikin Kwamfuta

Kawuna, yayan mahaifiyata, gafir ne, wato mai tsaron ƙofar tur'ar da ke kai ruwa gonakin ƙauyenmu, kudu da Hajj Abdalla. Tun ba a haife ni ba yake buɗewa yana rufewa, har shekarar da aka ce gafirai sun yi yawa aka sallame su. Sai da aka sallame su sannan aka tuna akwai abin da suka sani. Wata ƙungiya ta turo mana wani ustazu, wato masanin boko, daga Khartoum, wai ya kwashe abin da ke cikin kan tsofaffi ya zuba a kwamfuta kada su mutu da shi.

Ni aka ɗauka tafinta, don ina koyarwa a makarantar 'yan mata. Kawu yana jin Larabci sarai, amma ya ce shi maganar ruwa da Hausa yake yin ta.

Ustazu ya iso cikin farar mota, takalminsa sai ƙyalli yake. Mutumin da ya zo neman sanin ruwanmu da nasa ruwan ya zo a gora, har ya tafi bai kurɓi namu ba. Ya zauna a tsakar gidan Kawu ya ɗora kwamfuta a cinya, ya yi mana dogon bayani cewa ilimi iri biyu ne, akwai na rubuce akwai ɓoyayye, shi kuwa har ƙasar waje ya je ya koyo yadda ake tono ɓoyayyen. Na fassara.

Kawu ya ce, "Ɗiyata, ce mishi ni ban ɓoye komi ba. Abin yana can bakin tur'a, kowa na ganinai."

Ban fassara haka ba. Na ce Kawu yana masa maraba.

Tambayar farko ita ce kwana nawa ake bari tsakanin ban ruwa da ban ruwa. Kawu ya ce sai ƙasa ta nema. To, yaya ake sanin ta nema? Ya ce da ƙafa. Ya shiga bayanin yadda baƙar ƙasarmu ke tsagewa, da yadda tsagar da ke jin ƙishirwa ta bambanta da wadda zafin rana kawai ya buɗa, da yadda ganyen auduga ke sunkuyawa da azahar. Ya ce ko ƙarar ruwa a bakin ƙofa tana gaya masa in ciyawa ta toshe hanya can gaba.

Ustazu ya saurara yana kaɗa ƙafa, sannan ya juyo da kwamfutar ya nuna mini wani ɗan gurbi. Ya ce, "Ya ustaza, nan lamba kawai yake karɓa. Goma ne ko sha huɗu?"

Sau uku ina mayar da tambayar. Kawu ya gaji ya ce, "Shi rubuta abin da ranshi ka so."

Ya rubuta sha huɗu. Wannan lambar tana nan cikin tsofaffin takardun hukumar noma tun zamanin Turawa. Don ita aka ƙona man mota tun daga Khartoum.

A rana ta uku Kawu ya ce mu je gona ya nuna masa. Muka je. Kawu ya tuɓe takalmi ya shiga, ya ce ustazu ya biyo shi. Ustazu ya dubi taɓon, ya ce an gargaɗe su a kan tsargiya. Ya tsaya can kan tudu ya ɗauki hoton ƙafafun Kawu, kamar a fatar ƙafar abin yake. Ni ma ban fi shi ba. A ƙarshe ya miƙo mini takarda cewa abin da aka rubuta daidai yake da maganar ƙwararre, na sa hannu, don an rubuta mini "mataimakiyar bincike" a sama, abin kuwa ya yi mini daɗi.

Bayan watanni aka kawo kwamfutar ofishin manoma, aka yi taro, aka sha shayi, aka yi tafi. A kakar da ta biyo baya ruwa ya daina isa gonakin ƙarshen tur'a. Manoma suka je ofis. Akawu ya buga tambayarsu, kwamfuta ta amsa cewa a binciki musabbabin tsayawar ruwan. Wani dattijo ya ce ai wannan ko jakinsa ya sani.

Suka zo suka ɗauki Kawu. Ya tsaya bakin ƙofar tur'a ya kasa kunne ɗan lokaci, ya bi gefen tur'a da sandarsa har wata kwana, ya ce a haƙa nan. Laka da ciyawa ne suka cushe wurin. Kafin la'asar ruwa ya wuce. Babu wanda ya rubuta wannan.

Shekara ta zagayo sai ga wayar ustazu. An ƙara masa girma, yanzu yana Damazin zai kwashe ilimin masuntan Rusairis, ko zan zo in yi masa tafinta? Na ce ina da aji, na kashe wayar.