Layukan da na share

Akwai wani aikin hannuna da har gobe in na tuna sai kunya ta rufe ni, kuma ba na jin zai taɓa fita daga raina. Lokacin ina karatun ordinata, wato kwamfuta, a Lyon. Wata 'yar China mai neman digirin dakta ta roƙe ni in taimaka mata. Bincikenta a kan karin magana ne, wato yadda masu fassara ke yi da su in sun juya littattafan labari daga Sifaniyanci zuwa Sinanci. Nawa aikin in jera jimlolin a na'ura, ta asali a hagu, fassararta a dama. Ko ɗaya daga harsunan ban iya ba, amma a lokacin gani nake babu abin da ya gagare ni.

Da na jera sai na ga layuka da yawa gefen damansu fayau, babu komai. Na ce na'ura ce ta yi shirme. Tambaya kuwa a ganina zubar da aji ce, don haka na bi su na share, na miƙa mata aiki tsaf har tana yaba mini.

Bayan wata uku muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, inda za ta tsaya gaban malaman da za su yanke ko ta ci gaba da digirin. A hanya ta ce mini, "Ka san ban samu wuri ɗaya da mai fassara ya tsallake karin magana ba? A kan wannan na gina komai." Ashe guraben nan su ne inda aka tsallake, kuma su take nema tun farko. Na ɓoye mata abin da na yi har muka isa Paris.

A Sevran da ke bayan garin Paris na sauka, gidan kawuna ɗan kasuwa. Muna cin tuwo na faɗa masa. Ya cire hannu daga kwano ya ce, "Ɗana, ka yi betiz babba, wauta ce wannan. Ni in kayan wani sun zo a kwantenata, ko sun ruɓe ba na zubarwa sai mai su ya gani da idonsa. Ɗauki telefon yanzun nan."

Na kira ta na faɗa mata gaskiya. Ta tambaya ko jerin farko, na kafin in share layukan, yana nan. Allah ya rufa asiri, yana nan. Washegari ta gaya wa malaman da bakinta cewa sakamakonta ya rushe, ta nuna musu guraben, kuma ba ta ambaci sunana ba. Suka bar ta ta ci gaba, amma sai da ta sake aikin daga tushe. Ba ta ƙara ba ni aiki ba, ban kuma ga laifinta ba.

Tun ranar na san cewa abin da ban gane ba, ba ni da hurumin share shi. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, ni kuwa gudunta ya ci wa baiwar Allah shekara guda.