Neman Sa Hannun Hadiza a Maiyama

Da sunan Allah nake farawa. Na bar gidana a Jega ranar Talata, ƙarfe shida saura kwata, bayan mun sallame sallar asuba. An yi yayyafi kafin kiran salla, ƙasa na ta ƙamshi, fitilun masu shayi na rawa a cikin ruwan da ya kwanta gefen titi. Ba ni ɗauke da komai sai gafaka, da buta, da takarda guda da na rubuta da hannuna.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, yana aikin jinya a Amurka. Shekara huɗu ke nan da ya zo ya auri Hadiza, 'yar Alhaji Sambo, Bafulatanin da ke zaune a wata ruga kusa da Maiyama. Ya koma ya shigar da takardun ɗaukarta, har yau shiru. Da damina ta kankama Alhaji Sambo ya aiko mini, cikin mutunci, cewa idan aka girbe gero ba a ji komai ba, a sawwaƙe wa yarinya, kada ƙuruciyarta ta ƙare a jira. Ga gero kuwa ya riga ya fitar da kai.

Ƙofa ɗaya ta rage. A can kowane yanki yana da wakili a majalisa, kuma ofishinsa na iya tambayar hukuma inda takardar mutum ta maƙale, amma sai Hadiza ta sa hannu cewa ta yarda a duba lamarinta. Wakilin yankin da yaron ke zaune mace ce, cikin waɗanda rediyo ke kira masu ra'ayin riƙau. Na ce masa ta waya ba zan kai sunan ɗiyar mutane inda ban sani ba, ya gaya mini ko wace ce. Ya yi ta karanto mini abin da ta goyi baya da abin da ta ƙi tun shigarta majalisa, ni kuma ina rubutawa da ajami, layi bakwai.

Jega zuwa Aliero

Ƙarfe shida da rabi motarmu ta cika, mu shida, kowa naira dubu. Direban, Mamman, ya san ni.

"Malam, yau wa za a ɗaura wa aure da sassafe haka?"

"Wanda aka ɗaura nake so in riƙe."

Kafin mu fita gari sun ji labarin duka, shi da wani mahauci da wani ɗan kasuwar albasa. Suka ce in karanta. Na fara: ba ta yarda da zubar da ciki ba, kuma duk lokacin da aka kawo maganar tana jefa ƙuri'ar hanawa. Ta ce iyaye su ke da iko a kan abin da za a koya wa 'ya'yansu a makaranta.

"Wagga ai malama ta," in ji mahauci. "Lulluɓi kaɗai yar rage mata."

Na uku, ba ta son a ƙara wa manoma da masu kiwo haraji, don ita ma gidansu masu shanu ne. Ɗan kasuwa ya ce a aiko ta Aliero, zai ba ta ɗaki. Na huɗu, kowa na da ikon ajiye bindiga a gidansa. A nan dariya ta ragu. Mamman ya ce, "Ta zo ta ga abin da bindiga ta yi muna, sannan mu yi magana."

Na biyar, a tsuke ƙofar shiga ƙasarsu, har ga 'yan ƙasarmu. Na shida, a rage taimakon da ake aikawa waje. Na bakwai na karanta shi da ƙaramar murya: ta sa hannu cikin masu neman a hukunta ƙasarmu, tana cewa makiyaya na kashe Kiristoci, ba ta ware kowa ba.

Muka rage gudu a shingen 'yan sanda, suka leƙa, suka ɗaga mana hannu. Sai da muka wuce Mamman ya ce, "Malam, gun Fulani za ka. In ka isa na shida, ka naɗe takarda ka yi fatiha."

Hazon ruwa ya kwanta a kan gonaki, kawunan gero kaɗai ke leƙowa, kamar jama'a sun yi sahu ana jiran liman. Na tuna cewa a wannan lokacin can dare ne, yaron yana barci, ita ma matar tana barci, ba ta san akwai wani tsoho da ke yawo da halayenta a cikin gafaka ba.

Aliero

Mun shiga ƙarfe bakwai da minti goma. Na karya da kunu da ƙosai na ɗari biyar, na zauna a inuwar wani rumbun albasa har Rabi ta buɗe shago. Rabi ɗiyar ƙanwata ce, tana buga wa ɗaliban jami'a takardu, kuma ita yaron ya tura wa takardar da Hadiza za ta sa wa hannu. Babu wuta, sai ƙarfe goma da rabi ta tada inji.

Ina jira na tambaye ta abin da ya dame ni tun daga gida. "In an je wurin babba ba a zuwa hannu banza. Mi za a aika mata na gaisuwa? Na yi tunanin buhun albasa, ko kilishi."

Ta yi dariya har ta dafa tebur. "Kawu, kana so a kama maka ɗa? Can in ka ba ta ko goro laifi ne. Ba roƙo za ku yi ba, aikinta ne. Ko wanda bai zaɓe ta ba tana duba mai."

"Ko wanda ba ta so ya shigo?"

"To, wanga sai an gwada."

Na roƙe ta ta fitar mini da hoton matar, don ban iya magana a kan mutumin da ban ga fuskarsa ba. Ta buga mini wani: mace doguwa, ta kusa sittin, da malafa, ta jingina da shingen katako, bayanta baƙaƙen shanu marasa ƙaho a cikin ciyawa har iyakar gani. Na daɗe ina kallo.

Jiga Birni

Bayan azahar na hau babur ɗin kabu-kabu, naira ɗari takwas, muka yi minti arba'in muna kauce wa taɓo. Wurin Baffa Umaru na nufa, ƙanen Alhaji Sambo, wanda ya bar yawon kiwo ya kama noma. Shi ne waliyyin Hadiza. Ita ce ta fari a wurin mahaifinta, shi ma bai kama sunanta, bai kuma zama a yi maganar aurenta da shi kai tsaye, don haka komai ta bakin Baffa Umaru yake bi.

Ya shimfiɗa mini buzu a zaure, aka kawo fura. Bayan la'asar na bayyana masa abin da ke tafe da ni, na karanta. Da na kai na shida na ji muryar Mamman a kunnena. Na naɗe takarda.

"Shi ke nan?" in ji Baffa Umaru.

"Abin da ya sawwaƙa ke nan."

Ya ce ai babu laifi, kowa na tsaron ƙofar gidansa, gobe zai raka ni. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka bayan magariba, da man shanu mai yawa, amma ban ji daɗinsa ba. Shekara arba'in ina gaya wa mutane cewa mai karanta wasiƙa amana aka ba shi, ba ya ƙari, ba ya ragi.

Da muka fito masallaci da asuba na riƙe hannunsa. Na ce, "Baffa, jiya na ci amanarka. Saura layi ɗaya." Na karanta masa a tsaye, cikin ɗan hasken da ya fara.

Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Malam, yadda kak karanta min yanzu, haka za ka karanta wa yayana. Ba irin na jiya ba." Ya shiga ya ɗauko sandarsa.

Maiyama

Laraba, ƙarfe bakwai muka tashi. Muka koma Aliero, muka sauya mota a Jega ban ko leƙa gida ba, muka kama hanyar kudu, dubu da ɗari biyu kowa. Akwai shingen soja kafin gari, aka tambayi inda za mu, Baffa Umaru ya faɗi sunan ruga, sojan ya dube shi ya dubi sandarsa, ya ce mu wuce. Sha ɗaya saura muka sauka. Daga nan ƙafa ce, rabin awa a tsakanin dawa da ta fi mu tsawo, ba ka jin komai sai ƙarar ganye da kukan kurciya.

Mun tarar da Alhaji Sambo ƙarƙashin wata tsamiya yana tufkar igiya. Muka gaisa, gaisuwar surukai, kowa idonsa a ƙasa: gida, shanu, ruwa, gajiya. Baffa Umaru ya yi masa bayani da Fulatanci, bai ambaci sunan kowa ba, sai "mutanen gida" da "mutumin can". Sannan ya ce in karanta.

Na karanta bakwai ɗin, ban gaggauta ba. Hannunsa bai bar igiya ba sai a na ƙarshe.

"Malam," ya ce, "ka san abin da ya sa na taso daga gabas na zo nan?"

"Na sani, Alhaji."

"Ɓarayin daji sun kore min rabin garke, sun harbe ɗan ƙanwata yana salla. Waɗanda take faɗi, akwai su. Ni sunka fara ci. Sai ga shi ta ɗaure mu da igiya ɗaya." Ya ajiye tufkar. "Ba takarda ke damuna ba. Wagga mata ba ita ta naɗa kanta ba, mutanen garin sunka zaɓe ta. Su ne maƙwabtan da za a kai mutum cikinsu. In mutum ya yi ciwon kai, su za su leƙo shi."

Na ce yaron ya shekara goma a cikinsu, akwai masu gaishe shi, akwai masu kau da kai, iyakar sanina ke nan. Da na rasa abin yi sai na miƙa masa hoton.

Bai dubi fuskarta ba. Ya kawo takardar kusa da ido, ya bi shanun ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, yana duban ƙafafu da ƙirji.

"Waɗanga ba su taɓa tafiya ba," ya ce wa ƙanensa. "Dubi kofato. Nan aka haife su, nan ruwa ke iske su. Mai su ba ta taɓa bin burtali ta iske an nome shi ba. Ba ta taɓa kwana uku tana neman mashaya ba." Ya ƙara dubawa. "Amma tana duba su. Babu mai rama ko ɗaya."

Ya miƙo mini hoton. Ya tashi, ya karkaɗe riga, ya ɗauki sanda, ya nufi wajen rijiya. Na ɗauka ya ƙi ne. Na fara tattara gafaka.

"Ina za ka?" in ji Baffa Umaru. "Zauna. Da hanawa zai yi, da nan zai zauna har rana ta faɗi, babu mai iya kiran yarinya gabanai. Wuri ya ba mu."

Ya aika aka kira Hadiza. Ta dawo daga makarantar firamaren da take koyarwa ke nan, da alli a hannun hijabinta. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, an zo lafiya?"

"Lafiya lau, ɗiyata."

Baffanta ya ce, "Kin ji abin da Malam ya karanta?"

"Na ji daga bayan zana."

"To mi kika gani? Kanki ne, ba na kowa ba."

Ta karɓi takardar da Rabi ta buga, ta karanta Turancin a hankali, gaba da baya. Ta ce, "Baffa, ni ma ina tsoro. Amma ba gidanta za ni ba." Ta nemi biro. Babu mai shi a cikinmu, alƙalamin kara kaɗai gare ni, sai da ta koma ɗaki ta ɗauko jan biron da take duba aikin yara, ta ga bai dace ba, ta sake komawa ta samo shuɗi. Ta ɗora takardar a kan faifai ta sa hannu.

An kawo mana nono da dambu. Bayan azahar muka bi ta rijiya don sallama. Alhaji Sambo yana jan guga, shanu farare sun kewaye shi, ƙahoninsu na motsi a hankali cikin zafin rana. Ya amsa sallamata, ya yi wa ƙanensa 'yar magana da Fulatanci yana kallon cikin rijiya.

Sai da muka shiga cikin dawa Baffa Umaru ya fassara mini. "Ya ce a jira har wata damina. Kuma in Allah ya sa an kira ta, kada a gaya mai ranar tafiya. A bari sai ya sauka fadama da shanu."

Komawa

Na rabu da Baffa Umaru a tashar Jega ƙarfe huɗu da rabi. Wani maƙwabcina ya ɗauki hoton takardar da wayarsa ya tura wa yaron. Ina alwalar magariba yaron ya kira, can tsakar rana ce.

"Baba, mi Alhaji ya ce?"

"Ya ba ka damina ɗaya."

Na ji ya ja numfashi, ana ta kiran wani a lasifikar asibitinsu. Washegari ya kai takardar ofishin matar da kansa. Wata ma'aikaciya ta karɓa, ta tambaye shi yadda ake faɗin sunan, ta ce za su bincika. Zuwa yau da nake rubutun nan an girbe gero, amsa ba ta zo ba, aure yana nan.

Na gode wa Rabi, na gode wa Baffa Umaru da bai tozarta ni ba a ƙofar masallaci, na gode wa surukina da ya tashi ya bar mana inuwarsa. Godiya mafi girma ga Allah da ya fitar da ni lafiya, ya maido ni ɗakina lafiya. Wanda ya karanta ya sa yaran nan biyu a addu'a.