Neman Fegin Noman Rani a Bayan Challawa

Dorayi zuwa Sharada

Lahadi kaɗai kamfanin robobin da nake aiki a Bompai ke sakin mu, don haka ina idar da sallar asuba na saɓa fartanya na fito. Mai gidan da nake haya ya ce in kwashe buhunan da na shuka tumatir a tsakar gida, wai suna jiƙa masa bango. Na ji ana ba da aron fegi a wani ƙauye bayan Challawa, amma sai manomin gaske.

Direban adaidaita sahun da na hau ya hango fartanyar ta madubi. "Malam, noman sha'awa ake taɓawa?"

Wani Alhaji a gefena ya karɓe: "Ni gonata tana Zawaciki, leburori ke yi min, kuma manomi ne ni."

Direban ya ce, "Alhaji, wanda bai taɓa kwana da fargabar fari ba, ai mai gona ne kawai."

Har Sharada suna musu. Ni dai maganar ta sosa min rai.

Sharada zuwa Challawa

Na karya da koko da ƙosai, na sake hawa wata adaidaitar. Warin kamfanonin fata ya raka mu har kwalta ta ƙare, saura na taka da ƙafa.

Na iske Sarkin Noma, Malam Hassan, a gonar wata tsohuwa ana gayyar yin fangali, kwamin ban ruwa. Na gaishe shi, na fara zuba labarin tumatirina kamar mai neman aure.

"Wannan fartanyar ado ce?" in ji shi.

Na shiga sahu. Kafin hantsi ya dubi ludayi tafin hannuna ya yi bororo, ana ta kirana ɗan kamfani. Na cije.

Da azahar muna shan fura, Malam Hassan ya ce, "Nan ba ma tambayar girman gona. Wanda aka gani a sunkuye a gonar wani, shi ne manomi." Ya kai ni wani ɗan fegi kusa da ruwa. Ya ce ya ba ni aronsa, in noma.

Komawa gida

Ana kiran magariba na shiga Dorayi. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen ƙauyen nan. Matata ta kawo tuwo, hannu ya ƙi dunƙuluwa. Tana dariya ta miƙo min cokali, ta ce, "Sannu, manomi."