Jinkar da Aka Ƙi Ɗagawa

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mace ce mai tsoron kada in faɗi abin da ban tabbatar ba, in ɗauki alhakin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Ga maƙwabtana a nan Limawa, Musulmi ne, mutanen kirki, tare muke suna da biki da zaman makoki. Ba na son ɗayansu ya karanta ya ga kamar tsohon miki nake famawa. Sau da yawa na fara na ajiye. Abin da ya zaunar da ni yau, wani mai amalanke ne ya wuce ta ƙofar gidanmu da lodin shuci, ciyawar da ake baibaye ɗaki da ita, yayyafi ya ɗan taɓa ta. Ƙamshin ya shigo har tsakar gida, sai ya tuna mini da wata bazara ina yarinya. Abin da na gani da idona zan faɗa. Inda ji na yi, zan ce ji na yi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dutse da Ringim, ba zan faɗi sunansa ba. Gidanmu babba ne, na Kaka da 'ya'yanta maza biyu: Baffa, wanda shi ne babba, mai faɗa a ji a gaban mai gari, sai Babanmu. Zaure ɗaya muke shiga. Ina da wayo sosai lokacin da wani tsoho mai bishara ya zo daga wajen Garki a kan keke, yana ɗan jan ƙafar hagu. Bahaushe ne kamarmu, Malam muke ce masa. Baba ne ya sauke shi, kuma kafin shekara ta zagayo Baba da Inna sun karɓi bangaskiya, tare da wasu gidaje kaɗan na bakin gari.

Da farko a zaure ake sujada ranar Lahadi. Baffa ya ce zauren ubansa ne, ba za a yi a nan ba. Baba bai ja da yayansa ba. Sai aka yanke shawarar a gina ɗan ɗakin sujada a gefen gonar Baba. Da rani aka buga tubali, aka tayar da bango zagayayye, ya fi ɗakunan kwana faɗi nesa ba kusa ba.

'Ya'yan yanzu ba su san yadda ake rufin irin wannan ɗaki ba, don haka bari in faɗa. A ƙasa ake haɗa jinka, da sanduna da kara da igiya, a garinmu har a yi mata baibayar fari tana ƙasan. Idan ta haɗu sai a gayyaci maza, su kewaye ta, wasu su shiga ƙarƙashi, a ɗaga ta da kafaɗa da gwafa a ɗora a kan bango. Mutum bai isa ya yi da iyalinsa kaɗai ba. Ba a kuma ƙin zuwa. Ko kuna gaba da mutum, ranar ɗaga jinkarsa za ka zo, ka sha fura, ka koma ka ci gaba da gabarka.

Tamu ta haɗu, Baba ya bi gida gida da goro. Ranar da aka sa, Inna ta dama fura a manyan ƙore. Muka jira har rana ta take. Ba wanda ya zo. Daga baya muka ji cewa an yi magana a ƙofar mai gari, an ce kada kowa ya sa hannu. Ban san bakin wa ya fara faɗa ba, kuma ba zan ɗora wa Baffa ba tunda ban ji ba.

Ba wanda ya zage mu, wannan dole in faɗa. Shiru kawai aka yi mana. Idan Inna ta isa rijiya sai mata su matsa su ba ta fili fiye da yadda take bukata. Yaran da ake aikowa ɗiban wuta a murhunmu suka daina zuwa. Mutum zai amsa sallamar Baba idonsa yana kallon wani wuri. Ni da nake ƙarama na fi jin tsoron wannan shirun fiye da a ce duka ake yi.

Bazara kuma ta shigo. Zafi ya yi nauyi, iska ta juya, da yamma sai ka ga gabas ta ɗan yi duhu ta washe. Bangon ƙasa da ba rufi ba ya jure ruwan fari. Idan ya zuba a kansa zai jiƙe daga sama ya zube, aikin rani guda ya koma taɓo. Kowa a garin ya san haka, kuma ina jin abin da ake jira ke nan. Jinkar tana zaune a ƙasa kusa da bangon, kaji suna shiga ƙarƙashinta shan inuwa, gara ta fara lasar gindinta.

Baba ya ce wa Malam zai je Ringim ya kwaso 'yan'uwa masu bi a mota, a ɗaga a huta. Ina wanke ƙore a kusa, na ji amsar.

"Idan baƙi suka ɗora ta, ɗakin baƙi ne," in ji Malam. "Ranar da motar ta juya, da wa za ka zauna?"

"To Malam, mu zuba ido ruwa ya cinye?"

"Ban ce mu zuba ido ba. Mu durƙusa."

Tun daga ranar, kullum da sassafe kafin a tafi sharar gona, sai mu shiga cikin bangon nan mara rufi mu durƙusa a kan turɓaya. Malam ba ya roƙon a ɗaga jinka, abin da ya riƙa ba Baba haushi ke nan. Gidajen garin yake bi ɗaya bayan ɗaya, ya kira sunan mai gida, ya roƙa masa lafiya da damina mai albarka, ya roƙi Ubangiji ya buɗe zuciyarsa. Daga gidan mai gari yake farawa, har ya sauka a kan na mai jima da ke can ƙarshe.

Abin da bai lissafa ba shi ne, ɗaki mara rufi ba ya riƙe murya, kuma hanyar rijiya ta bayansa ta bi. Mata suka ji ana kiran sunayen mazajensu a wurin da ba su yarda da shi ba, mutane a durƙushe, ido a rufe. A garinmu idan aka kira sunanka a irin wannan hali, jifa ake yi maka. Ba su san wata ma'ana ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ana cikin haka sanƙarau ya kama wani yaro a gidan maƙeri, cutar da takan zo da zafin bazara. Aka ce ai an ji sunan uban a bakin tsohon nan. Yaron ya tashi daga baya, na gode wa Allah, amma ya tashi ba ya ji da kunne ɗaya.

Daga nan shirun ya canza kama. Samari suka fara zama a gindin tsamiyar da ke kallon ɗakin, ba hira, ba dara. Inna ta hana ni zuwa rijiya ni kaɗai. Na ji ana cewa ciyawa busasshiya ba ta bukatar fiye da ƙwayar ashana ɗaya. Ji na yi, ban ga mai faɗa ba.

Wata safiya muna durƙushe sai inuwa ta rufe ƙofar. Baffa ne. Bai shigo ba, bai kuma yi sallama ba.

"Malam, ka cire sunana daga bakinka."

Malam ya ɗago a hankali saboda ƙafarsa. "Sannu da zuwa, mai gida. Alheri nake roƙa maka."

"Ban aike ka ba. Ina da inda nake kai roƙona."

"Haka ne. To na daina faɗa da ƙarfi, tunda yana tayar da hankalin jama'a. Kuskurena ne, ban duba hanyar rijiya ba. Amma a zuci ba zan yi maka ƙarya in ce na daina ba."

Baffa ya juya ga Baba ya ce, "Kai kuma, ka san abin da mutane suke shiryawa? Ranar da ya zo kada ka neme ni." Baba ya ce, "Na ji, Yaya."

Kaka ba ta shiga sujadarmu, ba ta kuma hana. Da labarin ya kai mata tana kaɗi, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗaya ya ce kada a roƙa masa, ɗaya kuma shi ya sauke mai roƙon. Ni da na haife su ba wanda ya tambaye ni ko ina da ciwon baya." Muka yi 'yar dariya.

Addu'ar ta koma ta shiru. Sai ka ga leɓen Malam yana motsi, ka san yana bin gidajen. A ganina wannan ya fi tsoratar da masu zaman tsamiya, domin yanzu ba sa ma jin abin da ake faɗa.

Ranar da abin ya faru, tun azahar iska ta tsaya cak. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, ƙasansa ja. Awaki suka riƙa gudowa gida da kansu. A gindin tsamiya kuwa ba samari kaɗai ba ne ranar, har da magidanta, har da Baffa, sun cika wurin. Ba su taɓa taruwa haka ba. Wasu na riƙe da sanduna.

Baba ya ce ba zai tsaya yana kallo ba. Ya kira 'yan mazan da muke da su, ba su kai rabin waɗanda ake bukata ba, mata suka kama gwafa. Malam ya ce ba za ta ɗagu ba. Da ya ga Baba ba zai ji ba, sai ya shiga cikin bangon ya durƙusa shi kaɗai, a daidai inda jinkar za ta rufta idan ta kuɓuce.

Baba ya shiga ƙarƙashi. Suka ɗaga gefe ɗaya har ya hau bakin bango. A nan iskar farko ta iso. Ta shiga cikin jinkar ta juya ta, gwafar Inna ta karye, nauyin duka ya koma kan wuyan Baba. Na ga gwiwoyinsa sun lanƙwashe. Bai yi ihu ba, wani irin nishi ya yi wanda har yau ba na son tunawa.

Na waiga na ga mutanen tsamiya sun taso a guje, sanduna a hannu. Na rufe ido, don na ɗauka ƙarshenmu ne ya zo. Sai na ji muryar Baffa kusa da ni yana cewa, "Ku kama ta can. Ku na baya ku sassauta. To, bismilla." Da na buɗe ido, sandunan nan ne suka tokare jinkar. Maƙeri ma yana ciki, kafaɗarsa a jikin ta Baba. Suka yi irin kiran da ake yi a haɗa ƙarfi, jinkar ta tashi, ta yi lilo, ta zauna a kan bango daram. Wani ya hau ya ɗaure ta ba tare da an sa shi ba.

Ɗigon fari ya sauka suna warwatsewa. Ba wanda ya tsaya a yi masa godiya. Baba yana zaune a ƙasa riƙe da wuya, ya ce, "Yaya, Allah ya saka." Baffa yana kakkaɓe ciyawa daga rigarsa ya ce, "Daga wuyan ɗan uwata na ɗauke ta. Na duba ban ga wurin ajiyewa ba sai kan bangon." Ya tafi cikin ruwa. Malam kuwa sai da aka taɓa shi sannan ya san an rufe ɗakin a kansa.

Ba a dawo gaisawa da mu washegari ba, sai a hankali, wajen kaka. Baffa ya rasu a kan addininsa, Baba a kan nasa, kuma wuyan Baba bai ƙara juyawa sosai ba har ya koma ga Ubangiji. Amma ba a ƙara hana Malam zama a zauren kowa ya yi maganarsa ba, mai ji ya ji, mai tashi ya tashi. Ni na gaskata addu'ar nan ce ta yi aiki, ko da yake ba ta hanyar da Baba ya so ba.

Yanzu ɗakin sujadar garin na bulo ne da kwano. Kafinta ake kira daga Dutse ya buga rufi, ba a neman kafaɗar kowa. Inda nake zuwa sujada a nan ma katanga ce doguwa, sai an duba jakarka a ƙofa. Muna addu'a a ciki, ba mai jin mu a waje, mu ma ba ma jin kowa. Wannan yana damuna ƙwarai, don ban san ta inda maƙwabci zai shigo ba idan abu ya danne wuyan wani.

Abu ɗaya ne ban sani ba, kuma waɗanda zan tambaya duk sun tafi. Me ya tara mutanen nan a gindin tsamiya ranar, da sanduna, tun kafin Baba ya taɓa jinkar? Inna ta rasu tana cewa rushe bangon suka zo yi. Kaka ta ce sandunan tokare jinka ne, kunyar fara tasowa ce ta zaunar da su. Idan a cikin masu karatu akwai wanda ya gane garin, mahaifinsa ko kakansa yana wurin kuma ya taɓa ba shi labari, ina roƙonsa ya aiko mini ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. Ba zan faɗi sunan kowa ba, ba zan riƙe kowa a zuci ba. Ko wacce ce gaskiyar a cikin biyun, ina so in ji ta kafin in bi su.