Jitar Injiniya Hambali

Injiniya Hambali mutumin Gumel ne, shekararsa goma sha tara a Doha yana aiki da wani kamfanin iskar gas. Abokan aikinsa sun san shi da kawaici. Kaɗan ne suka san ubansa, Mumin, makaɗin garaya ne da ke kaɗa wa mafarauta. Hambali ya taso yana jin kunyar wannan sana'a. Ko ranar bikinsa da Suwaiba sai da ya roƙi tsohon kada ya zo da garayar, saboda abokansa na jami'a za su halarta. Tsohon bai musa ba. Ya zo ya zauna can bayan mutane har aka watse.

Hambali na shekara ta uku a Doha Mumin ya rasu, ko jana'iza bai samu ba.

Bayan 'yan watanni, wani baƙar fatan Amurka da suke ofis ɗaya ya rage masa hanya zuwa gidansa a unguwar Matar Qadeem. A motar ya kunna wata tsohuwar waƙa, murya ɗaya da jita ɗaya, sautin duk ya shaƙe don tsufa.

"Wane ne wannan?" in ji Hambali.

Mutumin ya ce bulus ake kiran kiɗan. Mai waƙar manomin auduga ne a kudancin Amurka, an naɗi waƙoƙinsa 'yan kaɗan shekara kusan tamanin da suka wuce, ya koma gona ya mutu a talauce, ko kabarinsa ba a sani ba.

Hambali ya kasa kunne. Mawaƙin yakan rera baiti, ya maimaita, sannan ya yi shiru ya bar tsirkiya ta amsa masa. Haka ubansa yake yi, sak.

A makon ya sayo jita. Suwaiba ta ga akwatin a falo ta riƙe baki. "Baban Nasiratu, da girmanka? Me mutane za su ce?"

"Ba wanda zai ji," ya ce mata.

Ba wanda ya ji ɗin kuwa. Shekara da shekaru, idan ya dawo aiki sai ya rufe ɗaki ya bi waƙoƙin manomin nan ɗaya bayan ɗaya, har ya haddace su. Ya karance duk abin da aka rubuta a kansa. Amma abu ɗaya yana cin ransa: wancan bawan Allah, duk da wahalar da ya sha, an san muryarsa. Mumin kuwa ya yi shekara arba'in yana kiɗa, ba ko kaset ɗaya. Hambali ya tuntuɓi wani gidan rediyo da aka ce ya taɓa naɗar tsohon, aka shaida masa ruwa ya lalata tsoffin faya-fayan tun tuni.

Bara abubuwa suka haɗe masa. Ciwon suga ya fara kashe masa yatsun hannun hagu, ba ya jin tsirkiya idan ya danna. Kamfanin kuma ya sanar da shi ba za a sabunta kwantiraginsa ba, shi ke nan, a watan Disamban bana zai bar ƙasar.

Wata Juma'a da la'asar yana zaune a bakin teku a Corniche, ya kira yayarsa Hajjo a Gumel.

"Yaya, kina tuna taken da Baba yake buɗe kiɗa da shi?"

Ta ce, "Yau kai ne da wannan tambaya, Hambali?"

"Ni ne, Yaya. Ki yi haƙuri."

Washegari ta turo masa saƙon murya, ta rera taken da baka. Da yake yatsunsa sun ƙi, sai ya yi dabarar makaɗan bulus na da, ya riƙa goga bayan wuƙa a kan tsirkiyoyin. Kwana tara yana fama kafin ya naɗa ya aika mata.

Amsarta gajeriya ce. "Ba haka yake yi ba. Kana gaggawa, kuma akwai wani wuri a tsakiya da ni ma na manta."

Suka yi ta cigiya a dangi, ba wanda ya tuna wurin. Mafarautan da suka san kiɗan duk sun mutu sai ɗaya, shi ma ya kurumce.

Yanzu kwalaye sun cika falon, Suwaiba tana ɗaure kaya. Hambali ya aika wa Hajjo naɗi na shida ranar Talata, har yau ba ta buɗe ba.