Ranar da Maman Hanan ta yi wa gunkin teku wankan zoɓo

A unguwar Handsworth ta Birmingham, in an ambaci Sa'adiya mai kitso, ba kyan shukunta ake fara tunawa ba. Ranar nan ake tunawa, da ta kwara wa gunkin teku jug ɗin zoɓo a gaban iyayen yara. Ita dai ta ce hannunta ne ya suɓuce.

Daga Gumel ta biyo mijinta Giɗaɗo zuwa Manchester lokacin da ya samu karatu. A wani ɗan flat a Hulme ta fara yi wa matan ɗalibai kitso, kuma da ya samu aiki a Birmingham sai ta kwaso matajanta ta biyo shi. Mace ce mai hannun kyauta da sanyin murya, sai dai ba ta san yadda ake mantuwa ba. Wata bas ta taɓa fesa mata ruwan kwata a Oxford Road. Har suka bar garin ba ta ƙara shiga mai wannan lambar ba, gara ta taka a cikin ruwan sama.

Wata rana autarta Hanan ta dawo daga makaranta tana kumbure-kumbure. Ajinsu zai yi wasan kwaikwayo kan tatsuniyoyin Girkawan dā, ita aka ba ta fito a matar da gashinta macizai ne. Tun daga ranar yara suka laƙaba mata “dodo”, suna nuna kitsonta.

“Umma, ana gama wasan nan ki tsefe min. Aske kan ma zan yi.”

Sa'adiya ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta ɗauki kibiya. “To ita matar, me ta yi aka mayar da ita haka?”

Hanan ta ba ta labari. Budurwa ce mai kyan gashi, tana hidima a ɗakin bautar wata gunkiya. Gunkin teku ya biyo ta har ciki ya ci mutuncinta. Gunkiyar ta fusata, amma a kan yarinyar ta huce, ta mayar da gashinta macizai. Daga baya wani saurayi ya zo ya fille mata kai, aka kira shi jarumi.

“Shi kuma na tekun fa?”

“Nothing, Umma. Ya koma tekunsa.”

“Ƙarasa dai.”

“Ai ƙarshen ke nan.”

Sa'adiya ta ajiye kibiyar. A tatsuniyoyin da kakarta ta rene ta da su, kura ba ta taɓa cin amana ta kwana lafiya ba. Ko ta sha kulki, ko ta bar wutsiya a baya. Tatsuniyar da azzalumi ya tafi salin-alin, a wurinta ba a gama ta ba, mai bayarwa ne barci ya kwashe.

Ta kitsa macizan da koren zare, har da ƙananan duwatsu a matsayin idanu. Tana kitso tana ƙwafa.

Ranar wasa yaron da zai fito a gunkin teku ya kwana da mura, sai malaminsu, Mista Eli, ya yafa farin zanen gado, ya manna gemun auduga, ya riƙi mashin kwali mai baki uku. Aka fille kan Hanan a bayan labule, aka tafa. Gunkin teku ya fito ya rusuna, aka tafa masa fiye da kowa. Sa'adiya tana tsaye a teburin abin sha, inda take raba zoɓo, tana kallo, ba ta tafa ba.

Sai ga shi ya nufo ta da kayansa duka, yana murmushi, ya miƙo kofi. Zoɓon bai shiga kofin ba. Daga gemu ya fara, ya gangara har takalmi.

Washegari babu mai maganar dodo. Yara suna ta tambayar Hanan me ya sa mamanta ta yi haka, tana ba su labarin tun daga farkonsa, har 'yan matan ajin suka fara cewa ai ma gunkin tekun ya yi arha. Kitson macizan ya yi sati uku a kanta, kuma wata Bethany ta zo da uwarta a yi mata irinsa.

Sa'adiya ta karɓo zanen ta wanke, ya fito ruwan hoda, ta aika wa malamin da shi haɗe da dambun nama. Giɗaɗo kuwa bai daina tsokanarta ba. Duk ranar da aka yi baƙi sai ya ce, “Ku riƙe kofunanku da kyau, hannun Maman Hanan yana suɓucewa.”

Ran nan ta ɗago daga kan da take kitsawa ta ce, “Mista Eli mutumin kirki ne, Baban Hanan, na kuma ba shi haƙuri. Wancan gunkin da malamin ya saka kayansa ne ban yafe wa ba. An ce baɗi wasan ɗan'uwansa za su yi, gunkin tsawa, wanda ya fi shi ɓarna. Na ce su ajiye min teburina.”