Wuyan Tulun Matar Ladan

Ni mutum ne mai mantuwa, lambar wayata ma sai na tsaya tunani. Amma abin da na aikata a wani ƙauye tsakanin Tsanyawa da Bagwai, wannan kam da shi za a binne ni.

Malamin makaranta ne ni a Kano, sai dai ina da wata cuta, wato ɗaukar hoton tsofaffin masallatan ƙasa da makabartun da ke jikinsu. Ranar Asabar in na samu sarari sai in rataya kyamara in faɗa motar haya. Matata har tsokanata take yi, wai masu hoto na bin amare, ni kuwa na ƙare a bango da matattu. Ko a jikina, don a lokacin ji nake da kaina, wai ni mai adana tarihi.

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin masallacin garinsu, ya ce tun kafin zuwan Turawa yake tsaye. Na isa bayan la'asar, farkon damina, gero bai kai gwiwa ba. Masallaci kuwa tubarkalla! Ginin tubali ne mai kaurin bango, ga indararo na itace, azara ta yi baƙi ƙirin don tsufa. Na nemi izini wurin ladan, wani dattijo mai raha da ke dogara sanda, idonsa ya ɗan yi rauni. Ya ce, "Malam mai hoto, ɗauke shi son ranka, amma ka bar mana shi a nan, ciki muke salla." Ya tafi ɗaure tumakinsa yana dariya.

Arewa da masallacin akwai makabarta, an kewaye ta da ƙaya. Tsakaninsu kuma wani fili ne shafaffe, 'yar ciyawa ta tsiro, awaki na kiwo. Na ja baya don in haɗa masallaci da makabarta a hoto ɗaya, na danna, na duba. Kash! Filin nan duk tarkace: fasassun tukwane, kasko, murfin kwano mai tsatsa, har da wani wuyan tulu a kife. Na ce, kai mutanen ƙauye da zubar da shara! Na naɗe hannun riga, na kore awaki, na tsince tarkacen nan tas, na tara su a gindin wata kuka. Har gumi na yi, ina ganin lada nake kwasa.

Ina cikin ɗaukar hotuna masu tsabta sai ga ladan. Ya tsaya cak, ya laluba ƙasa da sanda nan, ya laluba can.

"Innalillahi! Wa ya kwashe mana mutane?"

Na ce, "Baba, shara ce na ɗan gyara."

"Shara? Malam, a kan tsohon mai unguwa kake tsaye, da takalminka."

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Ya ce, "Yanzu kuma ka dira a kan ƙanensa."

Ashe filin nan shi ne asalin makabartar. Ruwan shekaru ya shafe kaburburan, ta cikin ƙayar nan sabuwa ce. Su ba sa kafa allon ƙarfe da suna irin namu na birni. Kowane gida da abin da ya ajiye a kan mamacinsa, kuma kowa ya san nasa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna ƙasar ma da mutane a ciki.

Allah ya taimake ni ban goge hoton farko ba. Na cire takalmi, muka durƙusa a gindin kukar, ina ƙara girman hoton ina faɗa masa abin da na gani, shi kuma yana zaro shi daga tarin. "Baba, kasko mai baki biyu, daidai indararo na uku." "Na mai unguwa ne, mayar masa." Haka muka yi ta yi, ina kai kowa gidansa. Dattijon nan bai zage ni ba ko sau ɗaya, sai dai tsokana. Da na ajiye murfin kwano a karkace ya ce, "Gyara masa, wannan yana da rai ma ba ya son wargi."

Har muka zo kan wuyan tulu. Na duba hoto, na sake dubawa, babu shi. Wata jar akuya ce ta tsaya ƙememe ta tare wurin, sai ƙafafunta da cikinta. Wurin kuwa kaburbura biyu ne gab da juna, da ƙyar ake gane lotsawarsu. Da hannuna na ɗauke shi, amma ko za a yanka ni ba zan iya cewa daga wanne na ɗauka ba.

Na ce, "Baba, wannan na wane ne?"

Ya karɓa, ya shafa shi da babban yatsa. Rahar nan duk ta tafi. "Na uwar 'ya'yana ne. Tulunta ne, da shi take ɗebo ruwa. Kowace Juma'a in na sauko daga masallaci nakan zo in tsaya mata. Sandata ke nemo min shi, ban taɓa ƙirga taku ba."

"Ɗayan fa?"

"Wata baƙuwa ce, ciwo ya kayar da ita ranar kasuwa. Ba mu san danginta ba har yau."

Na shiga ba shi haƙuri, ina cewa a kira wasu dattawan ko za su tuna. Ya ce waɗanda suka haƙa kabarin duk suna nan kwance, na gama mayar musu da kaskonsu yanzu. Can sai ya ɗora wuyan tulun a kan saiwar kuka, ya ƙwanƙwasa shi da gindin sanda, ya rabe biyu. Ya miƙo min. "Ɗora ɗaya nan, ɗaya can."

Na ɗora.

Ya ce, "Shi ke nan. Shekara da shekaru baiwar Allah nan na kwance kusa da mu, ban taɓa ce mata ko Allah ya jiƙanki ba. Daga yau duk Juma'a su biyu zan tsaya wa. Matata ba ta da rowa, ba za ta damu ba." Ya ɗaga hannu, na ɗaga nawa, hawaye na zuba min, shi kuwa muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Na san rufa min asiri ya yi. Na raba dattijo da sanin inda matarsa take kwance, kuma babu haƙurin da zai dawo masa da shi. Tun ranar na gane cewa a garin mutane, abin da idona ya kira shara yana iya zama shi ne kaɗai abin da ya rage wa wani na masoyinsa. Yanzu ko tsinke na gani a ƙasa, sai na tambayi na wane ne kafin in taɓa.